Fam 50 Da Aka Hana Laurence Sterne

A watan Mayun 1759, wani limamin coci daga ƙauyen Sutton-on-the-Forest, mil 8 arewa da birnin York a ƙasar Ingila, ya aika wa wani babban mai shagon littattafai na Landan rubutun hannu na littafinsa, Tristram Shandy, haɗe da wasiƙa. Sunan limamin Laurence Sterne. Shekarunsa 45, tarin fuka ya daɗe yana cin ƙirjinsa, kuma bai taɓa fitar da dogon ƙagaggen labari ba. Ya yi wa aikin nasa kuɗi fam 50. Mai shagon, Robert Dodsley, ko tayi bai yi ba. A watan Yuni ya amsa cewa kuɗin sun yi yawa a zuba su a kan littafi guda, domin in ya yi kwantai, ƙanensa James da ke karɓar ragamar shagon a lokacin shi zai kwana ciki.

Wata tara bayan wannan amsa, shagon nan dai ya amince ya biya fam 250 a kan littafin da ya ƙi saye a fam 50. Abin da ya auku tsakanin Yunin nan da Maris ɗin da ya biyo baya shi nake so mu bi daki-daki, saboda tambayar da ke hana barci ga duk wanda furfura ta cim masa da littafi a ciki tana ƙunshe a nan. An ƙi ka. To, ka naɗe takardunka ka mayar cikin akwati, ko ka kwance lalitarka ka buga da kanka? In kuwa za ka buga, me kake saye da kuɗin nan naka?

Mutumin da York ta sani

Da za ka tari wani a titin York a farkon 1759 ka tambaye shi wane ne Sterne, amsarsa ba za ta wuce haka ba: limamin nan dogo siriri mai tari, mai kaifin harshe, wanda ba sa ga maciji da baffansa.

An haife shi ranar 24 ga Nuwamba 1713 a garin Clonmel na ƙasar Ailan. Mahaifinsa ƙaramin hafsan soja ne marar abin hannu, don haka yaron ya yi ƙuruciyarsa daga wannan bariki zuwa wancan. Sunan gida dai akwai shi, domin kakan mahaifinsa ya taɓa zama Akbishop, wato babban shugaban coci, na York, sai dai suna ba ya ɗora tukunya. Uban ya rasu a Jamaika a 1731, dangi suka taimaka yaron ya yi karatu a jami'ar Cambridge, a 1738 aka ba shi limancin Sutton. Ya auri Elizabeth Lumley a 1741. 'Yarsu Lydia, wadda aka haifa a 1747, ita kaɗai ta rayu musu.

Daga nan sai shekara 20 waɗanda, in ka hango su daga waje, babu abin ba da labari a cikinsu. Wa'azin Lahadi a Sutton, daga baya aka ƙara masa cocin Stillington da ke kusa. Ya sayi gona ya gwada noma, bai ga riba ba. Ya zauna alƙalanci a ƙananan kotunan coci, inda ake gurfanar da talakawa kan laifuffukan ɗa'a. Baffansa Jaques Sterne, babba ne a majami'ar York kuma ɗan siyasa na gani-kashe-ni, ya sa shi rubuta wa jarida sharhin yaƙin neman zaɓe a 1741. Da ya gaji ya ce ya bar wannan ƙazamin aiki, dangantakarsu ta yi tsami, baffan ya ƙulla gaba da shi har kabari. Abin kirki da aka buga da sunansa a duk tsawon wannan lokaci wa'azi biyu ne, ɗaya a 1747, ɗaya a 1750.

Ban yarda a kira waɗannan shekaru asara ba, kuma hujjata tana cikin littafin kansa. Tsohon sojan nan mai taushin zuciya da ke cikin labarin, da baransa kofur mai son magana, daga barikokin ƙuruciya suka fito. Limamin ƙauyen da bakinsa ke jawo masa maƙiya, Sterne ne da kansa. Likitan da aka yi wa zambo, mutanen York sun gane wani likitan garinsu a jikinsa tun karatun farko. Wa'azin nan na 1750 ma, wanda ya gabatar a babbar majami'a gaban alƙalai, ɗauko shi ya yi sukutum ya dasa a juzu'i na biyu, ya sa kofur ɗin yana karantawa sauran suna katse shi da gardama. Saurayi ɗan shekara 25 zai fi Sterne jure zaman tebur, amma ba shi da wannan rumbun. Wanda ya fara a makare, kayan miyarsa sun riga sun taru. Lokacin girkin ne ya ƙaranta gare shi.

Rigimar muƙami ce ta tunkuɗa shi ga alƙalami. Wani lauyan coci, Dr Francis Topham, yana fafutukar ganin ɗansa ya gaji wani muƙami da yake riƙe da shi, ga kuma takun saƙa tsakaninsa da shugaban majami'ar York, John Fountayne, abokin Sterne tun Cambridge. A watan Janairun 1759 Sterne ya fitar da wata 'yar ƙasida ta zambo, ya mayar da manyan malaman cocin 'yan ƙauye masu cacar baki a kan wata tsohuwar rigar sanyi ta mai gadi, wadda wani ke so ya yanka ya ɗinka wa matarsa fatari, shi kuma ya fitar da 'yar shara. An buga kimanin kwafi 500. Manya suka ga mutuncinsu zai zube, aka sa aka ƙone su, 'yan ƙalilan suka tsira. Da hayaƙin takardun nan ya tashi, begen ƙarin girma a coci ya bi shi. Amma mutumin ya riga ya ɗanɗana abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba: ya rubuta abu, na sama sun ji zafi, na ƙasa sun yi dariya. Cikin 'yan makonni ya fara littafin da duniya ta sani da Tristram Shandy.

Shekarar ba ta zo masa da sauƙi ba. Mahaifiyarsa ta rasu a watan Mayu. Baffan ya bi ta a watan Yuni, bai bar masa ko anini ba. Matarsa ta samu taɓin hankali, kuma ba za a wanke shi a kan baƙin cikin gidan ba, domin ba miji ne mai riƙon amana ba. John Croft, ƙanen abokinsa Stephen Croft, ya ba da labarin cewa wata rana bayan cin abinci Sterne ya karanta wa abokai babukan farko, suka ɓingire da gyangyaɗi, ya fusata ya jefa takardun cikin wuta, sai da mai gidan ya yi wuf ya fizgo su. A cikin irin wannan hali amsar Dodsley ta iso.

Wasiƙa ta biyu

Sai an san yadda kasuwar take a lokacin kafin a gane amsar. Babu kamfanin ɗab'i irin na yau mai biyan marubuci kaso a kan kowane kwafi. Mai shagon littattafai shi ne mai jari. Yakan sayi haƙƙin mallakar littafi da kuɗi dunƙule sau ɗaya, ya biya takarda da maɗaba'a, riba tasa, faɗuwa tasa. Dokar haƙƙin mallaka ta 1710 ta ba sabon littafi kariyar shekara 14, amma galibin marubuta sayar da wannan haƙƙi suke yi tun ranar farko. Fam 50 kuwa ba kuɗin wasa ba ne a zamanin da ƙaramin limamin ƙauye ke shekara a kan fam 30 zuwa 40. Dodsley bai kushe littafin a uzurin da ya bayar ba. Kasadar ce ya ce ba zai ɗauka ba.

Sterne ya ji wannan bambancin, kuma a nan ne ya fi burge ni. Da kaka ta yi, wajen watan Oktoba, ya sake ɗaukar alƙalami. Bai yi ƙorafi ba, bai ce an raina shi don yana zaune a ƙauye ba. Ya ce uzurin da aka kawo mai ma'ana ne, har ya amsa da bakinsa cewa marubuta sun saba kai kayansu sama da kimarsu. Sannan ya shimfiɗa shawararsa. Zai fitar da ɗan siririn bugu, ƙananan juzu'i biyu, da kuɗin aljihunsa, don kawai ya ji bugun jijiyar duniya, kamar dai yadda likita ke riƙe hannun majiyyaci, ya san farashin da zai sa wa sauran. Girman littafin da irin takarda da irin harafi duk ya ambata, ya ce zai bi samfurin wani ƙaramin littafi na shahararren marubuci Samuel Johnson da ya fito a shekarar. Tunda a York za a buga, zai duba kowane shafin gwaji da idonsa don kada aikin ya kunyata shagon. Abin da yake roƙo kawai, a karɓi littafin a ajiye a kanta a sayar masa, a ci la'ada. In ya karɓu, sai a zauna a yi cinikin sauran juzu'an yayin da suke fitowa. In ya faɗi, in ji shi, asarar ta faɗa inda ya dace ta faɗa.

A wannan jimla ta ƙarshe aka ƙulla komai. Mutumin bai buga da kansa don ya huce haushi ba, bai kuma yi niyyar zama ɗan kasuwa har abada ba. Ya duba ya ga dutse ɗaya ne ya tare hanya, wato tsoron asara, sai ya sa kafaɗa ya kawar da shi. Abin da ya saya da kuɗinsa hujja ce, irin wadda ɗan kasuwa ba ya musu da ita: ga kaya a kanta, ga mutane suna miƙo kuɗi. Ya kuma ƙayyade kasadar. 'Yan ɗaruruwan kwafi ya buga, ba dubbai ba, gwargwadon abin da in ya nutse ba zai nutse da gidansa ba. John Croft ya ce wani mutumin York ne ya ranta masa fam 100 don aikin.

Akwai kuma abin da ake yawan tsallakewa in ana ba da wannan labari. Bai kai littafin maɗaba'a yadda aka dawo masa da shi ba. A wasiƙar ya faɗa cewa ya cire abubuwan da sai ɗan gari zai gane, ya mayar da zambon na kowa da kowa, ya ƙara kimanin shafi 150, don littafin ya fi shiga kasuwa. Bai share habaicin gida duka ba, amma ya rage shi sosai. Ga mutumin da ya shekara 20 yana haɗiye haushin mutanen gari ɗaya, wannan sadaukarwa ce babba, domin waɗannan shafuka su ne suka fi yi masa daɗin rubutawa. Sau da yawa wanda aka ƙi, kuɗinsa yakan zame masa hanyar guje wa gyara: tunda ni zan biya, wa ya isa ya ce in taɓa? Babba ya fi yaro faɗawa wannan rami, saboda ya saba a ji maganarsa a ofis da gida, ya manta ɗacin a ce masa koma ka sake. Sterne ya koma ya sake, wata huɗu zuwa biyar, kafin ya kashe sisi.

A maɗaba'ar Ann Ward

Mace ce ta buga littafin. Ann Ward ta gaji maɗaba'ar mijinta Caesar Ward, wanda ya rasu a shekarar, ta ci gaba da fitar da jaridar York Courant har rasuwarta a 1789. Sunanta ba ya jikin littafin. Shafin farko ba ya ɗauke da sunan marubuci, ba sunan gari, ba sunan maɗaba'a. Take ne kawai, da wata 'yar jimlar Girkanci, da shekarar 1760, alhali a ƙarshen Disambar 1759 ya fito. Sa shekara mai zuwa al'adar masu ɗab'i ce, don kada littafin ƙarshen shekara ya tsufa cikin mako guda. Ɓoye sunan gari kuwa dabara ce, domin masu karatun Landan kallon raini suke yi wa abin da aka buga a lardi. Juzu'i biyun sule 5 aka sa musu.

Zamansa kusa da maɗaba'a ya ba shi abin da cinikin fam 50 zai iya hana shi. A juzu'i na ɗaya, inda limamin labarin ya mutu, mai karatu na juya shafi sai ya tarar da baƙi ƙirin gaba da baya, tawada zalla, makoki babu kalma. Ga dogayen layuka da gajeru a tsakiyar jimloli, kowanne da tsawon numfashin da yake so a ja. Ga labarin rayuwar mutum wanda juzu'i biyu suka ƙare ba a ma haife shi ba, sai a na uku. Ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwa ya yi ɗari-ɗari da irin wannan kaya, kuma da ya saya, da yana da bakin cewa a rage nan, a miƙe can. Tunda baƙon abu na farko da kuɗin mai shi aka yi, kuma ya sayu, babu wanda ya tare shi da ya zo da shafi mai rinin launuka a juzu'i na uku, ko farin shafi a na shida inda ya ce mai karatu ya zana matar da ransa ke so.

Saura sayarwa. A York, John Hinxman ne ya karɓa, mai shago a titin Stonegate, wanda a wurin Dodsley ya koyi sana'ar. Wannan sanayya ba ƙaramin taimako ta yi ba. Sauran kwafin aka ɗora a keken doki zuwa Landan, tafiyar mil 200.

Daga nan Sterne ya yi abin da ba zan yi wa kwaskwarima ba. Akwai wata mawaƙiya a York, Catherine Fourmantel, wadda yake nema a daidai lokacin da matarsa ke kwance. Ya rubuta wasiƙa da hannunsa yana yabon littafinsa, ya ba ta ta kwafe da nata hannun kamar ita ta tsara, don ta isa ga David Garrick, ɗan wasan kwaikwayon da Landan ke sauraro a zamanin. Wasiƙar ta ce littafin ya ta da ƙura a York, mai shago ya sayar da 200 cikin kwana biyu, kuma kalmar yabo ɗaya daga bakin Garrick za ta yi wa marubucin babban amfani. Yaudara ce, daidai da wanda yau zai buɗe shafukan bogi a intanet ya riƙa koɗa littafinsa da sunayen wasu. Limami ne kuma ya aikata. Lissafin da ke ƙarƙashinta dai gaskiya ne, littafi ba ya tafiya da ƙafarsa, kuma da ya rubuta wa Garrick da sunansa ya roƙi a duba, da bai zubar da komai ba. Garrick ya karanta, ya yaba, ya faɗa wa mutane. A watan Janairun 1760 mujallar Monthly Review ta yi sharhi mai kyau.

A farkon Maris Stephen Croft zai tafi Landan, ya ce Sterne ya raka shi, shi zai ɗauki nauyin tafiyar. Da suka isa Sterne ya je shagon Dodsley a Pall Mall ya tambayi littafin, aka ce masa babu ko kwafi ɗaya da za a samu a Landan ko nawa mutum zai biya. Ranar 8 ga Maris aka ƙulla ciniki da James Dodsley: fam 250 na juzu'i biyun farko, fam 380 na biyu masu zuwa. A watan Afrilu bugu na biyu ya fito da zanen fitaccen mai zane William Hogarth da sadaukarwa ga babban ɗan siyasa William Pitt. Wani fitaccen mai zanen, Joshua Reynolds, ya zana hoton Sterne. Wani basarake, Lord Fauconberg, ya ba shi limancin ƙauyen Coxwold. Mutumin da abokansa suka yi barci yana karatu, yanzu sai an yi layi kafin a samu ya ci abinci a gidan wani. Tun a watan Janairu ya rubuta wa wani cewa ba don ciki ya yi rubutu ba, don suna ne. Ya samu sunan.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Gusau zai ji kamar ya san rabin wannan labari. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da matsin tattalin arziki ya sa manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta, marubutan Hausa, mata da yawa a cikinsu, suka riƙa haɗa kuɗi su kai ƙananan maɗaba'u, su fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya ya biya kuɗin na biyu, su ba 'yan kasuwa a kan amana. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu a Kano ma Raina Kama ta kira kanta, sunan da zai dace da ƙananan juzu'an nan biyu na York. Inda hanya ta rabu shi ne, Sterne yana da Dodsley a gaba, mai jarin da zai saye hujjar in ta tabbata. Marubucin kasuwar Kano galibi ba shi da shi. In littafinsa ya karɓu, shi ne dai zai sake nemo kuɗin takarda, shi zai bi bashi shago-shago. Gwajin da Sterne ya yi sau ɗaya ya wuce, a nan ya zama zaman dindindin. Kada kuma a manta, a Ingilar ƙarni na 18 ma, waɗanda suka buga da kuɗinsu aka daina jin ɗuriyarsu suna da yawa. Labarin wanda ya haye ne ya iso mana.

Bayan suna

Nasara ta zo da nata ƙudaje. Kafin shekarar 1760 ta ƙare, wani ya fitar da juzu'i na uku na jabu, ga ƙasidu barkatai masu raɓa da sunan littafin don su sayu. Shi ma Sterne ya yi gaggawar cin kasuwa tun tana ci: a watan Mayu ya fitar da wa'azozinsa a ƙarƙashin sunan limamin cikin labarin, sunan da asalinsa na wawan sarki ne, mutane da dama suka ga wannan cin fuska ne ga addini. Marubuta irin su Samuel Richardson da Oliver Goldsmith suka kushe littafin saboda batsar da ke laɓe cikin barkwancinsa, kuma ƙorafin nasu yana da tushe. Samuel Johnson, a 1776, ya ce baƙon abu ba ya daɗewa, ya kawo wannan littafi misali. A nan bai canka daidai ba, domin har yau ana buga shi ana karantawa.

Abin lura shi ne, bayan juzu'i na huɗu Sterne ya rabu da Dodsley ya koma kan tsarinsa na farko. Daga na biyar ya riƙe haƙƙin mallakarsa, Thomas Becket da abokin cinikinsa suka zama masu sayar masa. Don ya toshe hanyar masu jabu, sai ya zauna ya sa hannu da alƙalami a shafin farko na juzu'i na 5 da na 7 da na 9, kwafi bayan kwafi, dubbai, mutumin da ke aman jini. A wannan karon kuma ya ɗanɗana abin da Dodsley ya ji tsoro tun farko. Zumuɗin mutane ya ragu, ciniki ya yi sanyi, har yana Faransa yana aiko wa Becket wasiƙu yana tambayar nawa suka tafi, nawa suka rage.

Ciwon ne ya kai shi Faransa a watan Janairun 1762, ana tsakiyar yaƙi tsakanin ƙasashen biyu. Matarsa da 'yarsa suka bi shi, da ya tashi dawowa a 1764 suka zaɓi su zauna can. Ya ci gaba da rubutu a Coxwold shi kaɗai, yana aika musu kuɗi.

A 1766 wata wasiƙa ta zo masa daga Ignatius Sancho, baƙar fata ɗan asalin Afirka da aka kai Ingila yana yaro a cikin bauta, ya koyi karatu, ya karanta littattafan Sterne. Ya roƙe shi ya ba da ko rabin sa'a na alƙalaminsa ga halin da bayi ke ciki. Sterne ya amsa cewa wasiƙar ta same shi yana cikin rubuta labarin wata yarinya baƙa marar gata, ya kuma tambaya a wane launin fata ne 'yan'uwantaka ke yankewa. Wannan ɗan labari yana cikin juzu'i na tara, wanda ya fito a watan Janairun 1767. Ina kawo wannan ne don in nuna iya nisan da ƙananan juzu'an York suka kai mai su. Da takardun sun ƙone a murhun Croft, ko sun koma akwati bayan amsar Yuni, da Sancho bai san akwai wani limami a arewacin Ingila da zai rubuta wa ba.

A watan Fabrairun 1768 ya fitar da littafinsa na ƙarshe, labarin tafiya cikin Faransa. Makonni uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, ya rasu a ɗakin haya a titin Old Bond a Landan yana da shekara 54, matarsa da 'yarsa kuwa suna York, bayan sun dawo daga Faransa a 1767. Duk da kuɗin da suka ratsa hannunsa, bashi ya bari, sai da abokai suka yi wa iyalin karo-karo a York.

A juzu'in farko, wanda Ann Ward ta buga, mai ba da labarin ya ce zai ci gaba da wannan aiki shekara 40 in an ba shi rai da lafiya. Tsakanin fitowar wannan shafi da rasuwar Sterne, shekara 8 ne da kusan wata 3. A 1969 aka kwashe ƙasusuwansa daga Landan aka mayar Coxwold, aka binne a harabar cocin da ya yi limanci, ɗan taƙi kaɗan daga gidan da ya rubuta mafi yawan sauran juzu'an.